Koren Ɗigo a Gefen Sunan Yaya

Yayana mutum ne da ba ya son abu biyu su yi aikin da abu ɗaya zai iya yi. Ƙofar shago, da ta sito, da ta gida, sai da ya kira mai gyaran kwaɗo ya mayar da su mukulli ɗaya ke buɗe su. Wuƙar aljihunsa tana da almakashi, da sukundireba, da abin buɗe gwangwani, da wani ɗan tsinke da har ya bar duniya ba mu san aikinsa ba. Na sha gaya masa ranar da mukullin nan ya ɓace dukanmu a titi za mu kwana. Sai ya karkato kunnensa na dama, wanda ke da sauran ji, ya ce, "Me kika ce?" Alhali ya ji ni sarai.

Shagon injinan ban ruwa gare shi, sayarwa a gaba, gyara a baya. Ni ƙanwarsa ce, kuma ni ke zama a kanta tun da mijina ya rasu, don ban iya zaman gida ina kallon bango ba. Ƙarar injin nan ce ta cinye wa Yaya kunne, shi ya sa ya tsani waya kamar me. In ka kira shi, ihu za ku yi ta yi wa juna har ɗaya ya gaji ya kashe. Da kwamfuta ta shigo shago sai ya samu sauƙi, ya koma rubutu da yatsa ɗaya, ba waƙafi ba aya. Abin da ke ba shi haushi kawai shi ne wurin duba farashin kaya daban, wurin karanta imel daban, wurin hira daban, kowanne da kalmar sirrinsa. Kullum sai ya rikita su ya hau zagin na'ura.

Wani kwastoma ne ya nuna masa manhajar da ta haɗa ukun wuri ɗaya. Ranar Yaya kamar an yi masa kyautar mota. Fuskar kwamfutar ta rabu gida uku: hagu wasiƙu, tsakiya shafin intanet, dama jerin mutanen da yake hira da su, kowa da ɗan ɗigo a gefen sunansa, kore in yana nan, toka-toka in ba ya nan. Kana buɗe ta duk ukun suke farkawa tare, kuma daidai inda ka bari jiya nan za ta mayar da kai. Ya zuba mata dukan kalmomin sirrinsa ta riƙe masa, shi kuma ya manta su da gangan. Komai-da-ruwanka ya raɗa mata. Ya zauna ya tattaro adireshin diloli da na kwastomomi da na dangi ya haɗe su jeri ɗaya.

Na ce, "Yaya, raba su mana. Mai sayar maka da bel ba ɗan uwanka ba ne."

Ya ce, "Duk mutanena ne."

'Ya'yansa biyu. Babban shi muke kira Manaja, don tun yana rarrafe yake nuna wa mutane inda za su zauna, kuma da ya girma shagon ya shigo yana taya uban. Ƙaramar kuwa Barkono, ba sai na faɗi dalili ba. Mutane na cewa ni ta ɗauko, ni ban ga abin kunya a ciki ba. Aure ya kai ta ƙasa mai nisa, sai an sauya jirgi kafin a isa. Kowace safiya Yaya na buɗe shago, ɗigonsa ya yi kore, ita kuma tana jira a can. Za ka ga dattijo ya sunkuya yana neman haruffa yana murmushi shi kaɗai, kwastoma na tsaye yana ƙwanƙwasa kanta.

Rigimarsu daga bakina ta taso, kuma ban yi nadama ba. Na ga Yaya ya fara tsayawa a tsakiyar matakalar sito yana dafe ƙirji, in na tambaya ya ce takalminsa yake gyarawa. Na yi masa magana ya karkato mini kunne. Matarsa ta yi, ya ce ta sa masa ido. Sai na gaya wa Barkono. Ta lallaɓa shi, ta roƙa, ta yi barazana, ƙarshe ta rubuta masa, "Baba, in ba za ka je asibiti ba, kada ka ƙara yi mini magana." Ina tsaye a bayansa ya karanta. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ɗaga yatsan nan nasa ya rubuta, "to shikenan".

Daga nan suka shiga gaba. Ɗigonsa kore, nata kore, ba mai ce wa wani uffan, kamar kuliyoyi biyu a kan katanga. Ni dariya ma abin ke ba ni, don na san taurin kan gidanmu, na ɗauka sati biyu ya yi yawa wani zai sauko.

Wata safiya ya buɗe shago, ya kunna kwamfuta, ya zauna gabanta fiye da yadda ya saba. Ya tashi ya shiga baya duba wani inji da aka kawo. Ƙarar faɗuwar sifana na fara ji, sannan muryar bakanikenmu yana kiran sunana. Kafin mu isa asibiti an gama.

Ba a ma dawo daga kai shi makwancinsa ba mijin Barkono ya kira. Shi ne wanda Manaja ya fara sanar wa don ya shirya ta. Sai ga mijin yana roƙo. Ashe tana kwance a asibiti, cikinta wata bakwai, jininta ya hau, likita ya ce ko labarin mutuwar kaza kada a kai mata. Ya ce don Allah a rufe maganar har ta sauka.

Aka zauna a falo. Ummansu, idonta ya kumbura, ta ce ta rasa miji ba za ta rasa 'ya ba. Manaja ya ce hakan shi ne hankali. Ni na ce, "Uban mutum ya mutu a ɓoye masa? Ku gaya mata gaban likitanta, ta yi kukanta a inda akwai allura." Aka dube ni kamar na zo da wuƙa. Wani kawunsu ya ce ni dama ba ni da tausayi. Na haƙura, don an fi ni yawa, kuma gaskiya ni ma ina tsoro. Aka bi dangi ɗaya bayan ɗaya ana roƙonsu su kama bakinsu.

Da kwanakin zaman makoki suka wuce, ni da Manaja muka buɗe shago. Tabarau ɗin Yaya na nan kan tebur inda ya ajiye, kofin shayinsa ya bushe da tabo a gindi. Kwastoma na jiran farashin wani famfo, sai Manaja ya kunna kwamfutar ya buɗe Komai-da-ruwanka. Ko tambaya ba ta yi ba, ta mayar da mu daidai inda Yaya ya tashi.

A hagu wasiƙu sun taru. A dama hirarsa da Barkono ce a buɗe, "to shikenan" na zaune a ƙasa. A tsakiya kuwa shafin wani asibiti ne, sashen masu ciwon zuciya, da ranakun da likita ke ganin mutane da lokacin karɓar kati. Na sunkuya na karanta da idona. Ashe abin da ya zaunar da shi ke nan safiyar da ya faɗi. Mutumin nan ya sauko, shirin tafiya yake, kuma ya buɗe hirarta a gefe don ya gaya mata.

Kafin in buɗe baki Manaja ya rubuta sunan famfo a sama, shafin ya tafi, hoton famfo ya maye gurbinsa.

Na daka masa tsawa. "Dawo da shi!"

"Da me, Goggo?"

"Shafin asibitin! Ba ka gani ba?"

"Ban lura ba. To me za a yi da shi yanzu?" Ya juya wajen kwastoma yana faɗa masa farashi.

Na koma kujerata na zauna, ƙirjina ya yi nauyi, amma a ƙasan nauyin akwai wani ɗan sanyi. Na samu abin da zan ba yarinyar nan. Duk ranar da aka gaya mata, na san tambayar da za ta hana ta barci: ya tafi yana fushi da ni? Ni kuwa ina da amsa, na gani da idona. Tun daga ranar ba ni da wani buri sai in kai mata wannan maganar ta karɓa.

Ina cikin wannan tunanin kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara, kamar an buga cokali a kofi. Rubutu ya fito a dama.

"Baba."

Ni da Manaja muka dubi juna. Ba wanda ya tuna cewa buɗe farashin famfo na nufin kunna ɗigon Yaya. A can kan gadon asibiti yarinya na riƙe da waya, ta ga ubanta ya yi kore bayan kwanaki yana toka-toka.

"Baba, na ga kana nan."

Manaja ya rufe manhajar da sauri kamar wanda ya taɓa wuta. Amma shago ba ya tafiya sai da ita. Odar kaya tana ciki, wasiƙun diloli suna ciki, kuma kalmar sirrin imel ɗin ba wanda ya sani, tana cikin cikin manhajar, wanda ya zuba ta ya tafi. Ya laluba har ya gano yadda ake ɓoye ɗigon, ya ɓoye, muka yi ajiyar zuciya. Washegari da rana mijinta ya kira a fusace. Ya ce me muka taɓa? Tun safe take kuka, wai ta san lokacin buɗe shago, Baba yana nan ya ɓoye mata ne don kada ta dame shi. Jinin ya ƙara hawa, an ƙara mata magani. Ya ce mu mayar da abin yadda yake.

Aka mayar. To ka ji halin da mukulli ɗaya ya jefa mu. In ɗigo ya yi kore, uba na kallonta ya ƙi kulawa. In ya yi toka-toka, uba ya rufe mata ƙofa.

Saƙonni suka yi ta zuwa. Na zare wayar sifika don kada in ji cokalin nan, amma rubutun ba ya bari, yana fitowa a gefe kana tsakiyar duba lambar bel.

"Baba, ni ce da laifi. Bakina ne, ka san shi."

"An ce kada in tashi ko banɗaki sai an riƙe ni. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya."

"Yau ɗan cikin nan ya yi ta harbina tun asuba. Taurin kanka gare shi."

"Ko harafi ɗaya ne ka rubuto."

Manaja ya daina cin abinci a shago. Yakan lanƙwasa takarda ya rufe gefen dama na allon, sai kuma in ga ya ɗaga ta yana leƙawa. Wata rana na fita kai wa wani mutum kaya bakin mota, na dawo na tarar da shi zaune ya dafe kai. Takardar na ƙasa. A allon, ƙarƙashin sunan Yaya, an rubuta, "ina nan ki huta".

Na ce, "Kai, ka san abin da ka yi? Ka tono ubanka ka zaunar da shi a kujera."

"Goggo, ba zan iya ba," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Kullum ni ke gani. Ku kuna gefe, ni ke karantawa."

Amsarta ta riga ta cika allon, kuka da dariya a haɗe. Da yamma mijin ya kira yana godiya, wai jini ya sauka, ta ci abinci har ta nemi ƙari. Ummansu ta ce Allah ya yi wa Manaja albarka. Ni aka ce in rage baƙin rai.

Daga nan abin ya zama aiki cikin ayyukan shago: a share gaba, a fito da injinan talla, a zama Yaya. Manaja da yatsu goma yake rubutu, dole ya koyi jinkiri, ya bar saƙo ya ɗan jima kafin ya amsa, ya cire waƙafi da aya. Yakan ja tsohuwar hirarsu sama yana nazarin yadda uban ke magana, inda yake tsokanarta, inda yake gajarta zance. Har ya iya. Wani lokaci in na karanta ta bayansa sai tsigar jikina ta tashi.

Ta tambaye shi, "Ka je asibitin?"

Ya rubuta, "na je an ba ni magani".

"Ka yafe mini?"

"ba ki yi komai ba".

Ranar nan sito na shiga na rufe ƙofa, na zauna kan kwalin bututu har ƙafata ta yi sanyi. Abin da na ajiye mata na gaskiya, ga shi ana ba ta na jabu, kuma tana murna da shi.

Ni ma ban tsira ba. Takan kira ni jefi-jefi, ta ce, "Goggo, ina Baba? Ko muryarsa in ji." Sai in ce yana baya, kin san kunnensa. Wata rana ta nace, na ɗaga wa bakanike hannu ya tayar da inji, na miƙa wayar wajen ƙofar baya. Ta yi dariya ta ce, "Shi ne kam, bar shi." Na kashe wayar, na yi wa bakaniken masifa a kan wata sifana da ya bari a ƙasa, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai ranar da na fi jin tausayin Manaja. Yaya bai taɓa yaba masa ba, ko sau ɗaya. Komai ya yi sai an ce da sauransa. Sai ga Barkono ta rubuto, "Baba, ka rage yi wa Manaja faɗa. Yana ƙoƙari, kawai bai iya nunawa ba ne. Ya fi mu duka sonka." Ya zauna yana kallon rubutun har kwastoma ya gaji ya tafi. Sannan a hankali, da yatsa ɗaya, ya rubuta, "na sani yaron kirki ne". Na yi kamar ina ƙirga kusoshi a cikin akwati.

Ana haka shago na neman rikicewa ta wani gefen. Diloli na ta rubuto wa Yaya, suna tambayar abubuwan da shi kaɗai ya san yadda suka yi da su. Wani ya ce zai zo gari yana son su gana. Wani tsohon kwastoma daga nesa ya aiko da gaisuwa yana tsokanarsa a kan wata tsohuwar gardama. Manaja ya ce ya gaji, ya isa haka, ba zai zama Baba a hagu ya zama Baba a dama ba. Zai sanar wa 'yan kasuwa gaskiya, a san da wa ake hulɗa. Na ce wannan kam daidai ne. Har na taya shi gyara maganar, na ce ya sa ranar da abin ya faru don kada a yi ta tambaya.

Safiyar da zai aika, Barkono ta riga shi. Tana cikin nishaɗi, an ce mata saura 'yan makonni. Ta rubuta, "Baba, in na sauka kai za ka fara gani, kafin kowa. Ka gyara tabarau."

Ya amsa, "Allah ya sauke ki lafiya".

Sannan ya matsar da hannunsa kaɗan zuwa hagu, tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, ya buɗe sanarwar. Muna baƙin cikin sanar da ku rasuwar mahaifinmu, mai wannan shago, a rana kaza. Harkoki za su ci gaba a hannun ɗansa. Wurin da ake sa masu karɓa ya danna jerin adireshi, ya zaɓi kowa. A ransa 'yan kasuwa ne ke cikin jerin imel, dangi suna can dama wajen hira. Ni da na tsaya a kan Yaya ranar da ya haɗe su, ina can ina auna wa wata mata tiyo. Ya danna, wasiƙar ta tafi.

Na dawo na tarar yana miƙa, yana cewa an sauke kaya ɗaya. Na dubi allon. Na ce, "Wa da wa ka aika wa?"

"Kowa."

"Wane kowa?"

Ya buɗe jerin. Sunaye suka zubo, mai bel, mai bututu, kawunsu, mai fenti, Ummansu. Ya ci gaba da ja ƙasa. Ga ta nan tsakanin wani dila da wani mai walda, yadda Yaya ya rubuta ta: barkonona.

Ɗigonta kore ne. Muka tsaya muna kallonsa, ina addu'a a raina ta ajiye wayar, ta yi barci, nas ta shigo, komai ma. Wasiƙar da sunan ubanta za ta isa, daga adireshinsa, a manhajar da yanzu-yanzu ya yi mata fatan sauka lafiya.

Rubutu ya fito.

"Wane ne wannan?"

Manaja ya ɗora yatsu a kan haruffa ya kasa dannawa.

"Da wa nake magana?"

Na fizgi wayata na kira ta, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na kira mijin, yana wurin aiki, na ce ya bar komai ya ruga. Ina cikin magana ɗigonta ya koma toka-toka. Manaja ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa cikin man inji, yana ta cewa, "Ni na ɗauka daban ne, Goggo, na ɗauka daban ne." Na so in mare shi, na so in rungume shi, ƙarshe na rufe shago na ja shi gida.

Sai bayan la'asar mijin ya kira. An shiga da ita tiyata da gaggawa. Mace aka samu, 'yar mitsitsiya, an sa ta a kwalbar bakwaini. Uwar ta farfaɗo, amma ba ta magana da kowa, har shi.

Jaririyar ta rayu, wannan kam mun gode Allah. Barkono ta warke ta koma gida. Ummansu ta kira ta, ta gaishe ta da ladabi kamar baƙuwa ta ce tana shayarwa. Manaja ya rubuta mata daga sabon adireshin da ya buɗe da sunansa, ba ta amsa ba. Ya raba komai yanzu, imel daban, hira daban, har kwaɗon sito ya sauya. Ni kuwa na zauna ina jira da abin da ke hannuna. Na yi ta maimaita yadda zan faɗa mata, ina wanke kofi ina faɗa, ina kan hanya ina faɗa.

Ita ta kira ni da kanta, wata rana da hantsi ina kanta. Muryarta ta kwanta, ba barkono ko kaɗan, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Goggo, abu ɗaya zan tambaye ki. Na karanta hirar daga sama har ƙasa, na kasa gane inda ya tsaya. Wanne ne na ƙarshe da ya rubuta da hannunsa?"

Na ce, "Inda ya ce to shikenan."

Ina jin kukan jaririya can nesa da ita.

"Na yi zato," in ji ta. "Ke nan da fushina ya tafi."

"A'a! Tsaya ki ji, 'yata. Wannan maganar nake riƙe miki tun ranar." Na gaya mata komai, yadda ya daɗe a gaban kwamfuta safiyar nan, yadda manhajar ta mayar da mu inda ya bari, shafin asibitin a tsakiya da ranakun likita, hirarta a buɗe a gefe. Na ce, "Ya sauko, Barkono. Asibitin zai je, kuma ke zai fara gaya wa. Maganarki ya ji."

Na jira kukan da na san zai zo, irin wanda ke wanke ƙirji. Bai zo ba.

"Wa ya gani?"

"Ni. Da idona."

"Manaja fa?"

"Bai lura ba, yana sauri. Amma ya ce manhajar tana ajiye shafukan da aka buɗe, zai nemo ya ɗauki hoto ya turo miki."

"Kada ya wahalar da kansa. Daga kwamfutar nan aka ce mini ya je asibiti an ba shi magani. Daga ita aka ce mini ya yafe mini. Komai kuka buɗe da sunansa kuke buɗewa."

"Wannan daban ne. Wallahi wannan gaskiya ne."

"Na san kina sona, Goggo." Ta faɗa a hankali, ba zafi. "Har ƙarar inji kika jiyar da ni."

Ta ce jaririya ta tashi, ta gaishe da mutanen gida, ta kashe.

Na zauna riƙe da wayar. Wani mutum na tsaye gaban kanta da tsohon bel a hannu yana son irinsa, ban san tun yaushe yake nan ba. Na karɓa na duba lambar, na shiga sito nemo masa, na tsaya a tsakiyar matakala daidai inda Yaya ke tsayawa ya ce takalmi yake gyarawa. A nan kukan ya same ni, mutumin yana ta ƙwanƙwasa kanta.